Gurbin Karatun Kwamfuta: Kujeru Muke Ƙirgawa Ko Malamai?

 

Idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya kama, je ka bakin kowace cibiyar rajista a Kano ko Zariya ko Sakkwato ka ɗan tsaya, ka kasa kunne ga abin da yara ke faɗa wa mai shigar musu da bayanai. Likitanci yana nan da farin jininsa, haka aikin jinya, haka lauyanci. Amma akwai sunan da yanzu ba ka daɗewa a wurin ba ka ji shi ba, wato kwamfuta. Wannan ya ce kimiyyar kwamfuta, wancan ya ce injiniyancin manhaja, waccan ta ce ita tsaron intanet take so. Uban da a da in ɗansa ya ambaci wannan karatu zai harare shi ya ce, "Ka gama ka buɗe shagon buga takardu ke nan?", yau shi ne ke bin 'yan'uwa da abokan arziki da ke aiki a jami'a yana roƙon a taimaka a cusa yaron. Ya ji labarin ɗan wane da ke zaune a ɗakin soro da laftof, ko ƙofar gida ba ya fita, amma ƙarshen wata dala ce ke shigo masa.

Ban ga laifin uban ba, ban ga na yaron ba. A ƙasar da digiri ya daina zama tabbacin aiki, duk inda aka hango haske dole a nufe shi. Abin da nake so mu duba yau shi ne ɗaya gefen. Su jami'o'in da ake wannan tururuwa zuwa cikinsu, me suka tanadar wa masu zuwa?

A 2025 sama da mutum miliyan 2 ne suka yi rajistar jarrabawar JAMB. Jami'o'in ƙasar nan, na tarayya da na jihohi da masu zaman kansu, sun kai wajen 300, kuma da wuya ka sami wadda ba ta rubuta kwamfuta a jerin kwasa-kwasanta ba. A Disambar 2022 hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta fito da sabon tsarin karatu mai suna CCMAS, inda ta zare kwamfuta daga ƙarƙashin kimiyya ta mai da ita fanni mai cin gashin kansa, sannan ta rarraba shi gida-gida: kimiyyar kwamfuta, injiniyancin manhaja, tsaron intanet, kimiyyar sarrafa bayanai, fasahar sadarwa da sauransu. A farkon 2024 hukumar NBTE da ke Kaduna ita ma ta raba babbar diflomar kwamfuta ta kwalejojin fasaha gida 4, har da ƙirƙirarriyar basira a ciki. A takarda dai ƙofa ta faɗaɗa. Inda a da sashe ɗaya ne a lungun tsangayar kimiyya, yanzu tsangaya ce sukutum da shugabanta da allon sunanta.

Ni dai a ganina, da malami ake auna gurbin karatun kwamfuta, malamin da zai zauna ya duba abin da ɗalibi ya rubuta ya ce masa nan ka kuskure. Kujera da allon suna masu sauƙi ne.

Bari mu yi ɗan lissafi tare, ba sai kun ɗauko biro ba. A ɗauka malami yana koyar da darasin farko na rubuta manhaja, abin da ɗalibai ke kira kodin, ajinsa kuma mutum 300 ne. Duk wanda ya san jami'o'in gwamnati ya san ban yi ƙari ba. Ya ba da aikin gida guda ɗaya. In zai ba kowane ɗalibi minti 10 kacal, ya buɗe aikinsa, ya gwada, ya nuna masa inda ya karkace, minti 3,000 ke nan, wato awa 50. Ya haura awannin aikin mako guda cur, a kan aikin gida ɗaya, a darasi ɗaya. Shi kuma malamin nan yana da wasu darussan a wasu azuzuwa, yana duba furojet ɗin 'yan ajin ƙarshe, wataƙila shi ne jami'in jarrabawa na sashe, ga taron kwamiti, ga nasa digirin na uku da ya maƙale. To me zai yi? Abin da ni da kai za mu yi. Ya daina ba da aikin gida, ko ya ba da shi rukuni-rukuni na mutum 10, ɗaya ya yi aikin, tara su haɗa kuɗin firintin su sa suna. Ma'aunin da NUC ta daɗe da shi a fannin kimiyya malami 1 ne ga ɗalibi 20. Ku gwama wannan da wancan.

Akwai darussan da babban ɗaki da lasifika mai kyau sun isa a karantar da mutum 1,000. Kodin ba ya cikinsu, don ba a iya shi da saurare. Sai ka rubuta, na'ura ta ƙi karɓa, ta watso maka jan rubutu cikin wani Turanci da ba ka gane ba, ka yi awa biyu kana lalube, ashe waƙafi ɗaya ka manta a layi na 40. A cikin wannan awa biyun ne wani ke zama gwani, wani kuma ya tsani abin har abada. Abin da ke raba su sau da yawa shi ne ko akwai wanda zai leƙo ta kafaɗarka ya ɗora yatsa ya ce, duba nan.

Mu shiga ɗakin gwaji ranar firaktikal. Ga kwamfutoci jere, an lulluɓe wasu da leda saboda ƙura, da yawansu ba sa tashi. Waɗanda ke tashi, kowace da mutum 5 ko 6 a kanta. Ɗaya ne a zaune yana dannawa, kuma kusan kullum shi ne wanda dama ya iya tun daga gida. Biyu sun sunkuyo, sauran na tsaye a baya suna ɗaukar hoton fuskar na'urar da waya. 'Yan mata galibi su ne a layin ƙarshe, don ba za su kutsa cikin maza ba. Ana cikin haka a ɗauke wuta, a ce man janareta sai an sa hannu a takarda. Mai kula da ɗakin ya zagaya da rajista, kowa ya rubuta suna da lamba. An yi firaktikal ke nan. Ranar jarrabawa kuma a raba takarda a ce, rubuta manhajar da za ta jera lambobi daga ƙarami zuwa babba. Yaro ya haddace ta daren jiya, ya zuba ta tsaf da biro, ya ci A. Shi bai taɓa gwada ta a na'ura ba, mai makin ma bai gwada ba. Ba sharri nake wa kowa ba, malaman da kansu su suka fi kowa kuka da wannan hali.

To ina malaman suka shiga? Amsar a aljihu take. Lokacin yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya ci wata 8 daga Fabrairu zuwa Oktoba, abin da ƙungiyar ke ta nanatawa shi ne farfesan da ya kai ƙarshen matakinsa albashinsa bai kai naira 500,000 a wata ba. An yi ƙari bayan nan, amma kuma a Yunin 2023 aka saki naira, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Malamin tarihi ko na adabi, da wuya wani kamfani a Landan ya turo masa saƙo. Malamin kwamfuta kuwa ba ma sai ya nemi biza ba, aikin ne zai same shi a falonsa. Yana kallo yaron da ya yaye shekaranjiya ya zo gaishe shi da motar da shi ba zai iya saye ba. Wanda ya jure ya zauna, a yaba masa. Wanda ya tafi, da wane baki za a zarge shi?

Asusun TETFund ya tura malamai da dama karatu ƙasashen waje, kuma an ga amfanin hakan. Amma a ƙarshen 2024 ya sanar da dakatar da turawar, dalilansa kuwa biyu ne: tsadar canji, da yawan waɗanda aka tura suka ƙi dawowa. Ga kuma shekarun da jami'o'in tarayya suka yi a ƙarƙashin tsarin albashi na IPPIS, lokacin da shugaban jami'a ba ya iya ɗaukar ko mataimakin malami sai ya yi ta sintiri a Abuja neman izini. Yaron da ya fita da daraja ta ɗaya, wanda a da sashe ke riƙewa nan take, kafin takarda ta fito banki ya yi gaba da shi. Sai a Disambar 2023 majalisar zartarwa ta amince a fitar da jami'o'i daga tsarin. Abin dariya, ko in ce abin haushi, ita kanta rigimar ta manhaja ce. Malaman jami'a sun ƙera tasu mai suna UTAS, hukumar NITDA ta gwada ta ce ba ta cika sharuɗɗa ba, su kuma suka ce ta cika, ɗaliban kwamfuta suna gida suna jiran manya su gama musu a kan kwamfuta.

Shi gini ba ya ƙin dawowa daga waje, shi ya sa muka fi son sa. Da harajin da TETFund ke karɓa daga ribar kamfanoni, wanda ya tashi daga kashi 2 cikin 100 har ya kai kashi 3 a 2023, ana iya tsayar da ɗakin lakca mai kujera 500 cikin shekara ɗaya ko biyu, a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto. Wanda zai tsaya a gaban ɗakin fa? Digirin farko shekara 4, bautar ƙasa 1, digiri na biyu 2, na uku 3 ko 4 in babu yajin aiki. Shekara 10 ke nan a ƙalla. Saboda haka duk sabuwar jami'ar da ta buɗe sashen kwamfuta, daga tukunyar da ake da ita ta ɗibi malamai. Sai ka ga farfesa ɗaya sunansa a jami'a 3 ko 4 a matsayin malamin ziyara, rabin makonsa a kan titi. Ranar da tawagar tantancewa za ta zo kuwa, a wasu wuraren har kwamfutocin ma na ziyara ne, kowa ya san da wannan zance. Da gwamnati ta sanar a Agustan 2025 cewa ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na shekara 7, mutane da yawa sun ji haushi, musamman waɗanda garinsu ke kan layi. Ni kam ta wannan fuskar na ga hikimar abin.

Wani zai ce, to ai magani a fili yake, a rufe ƙofa, kowane sashe ya ɗauki iya waɗanda zai iya koyarwa. Kafin mu yi saurin amincewa, mu leƙa Amurka, domin sun riga mu faɗawa wannan hali, kuma ba sau ɗaya ba. Da ƙananan kwamfutoci suka shigo gidaje a farkon shekarun 1980, ɗalibai suka yi caa. A 1986 masu fita da digirin farko a wannan fanni sun kai wajen 42,000. Kafin tsakiyar shekarun 1990 sun zube zuwa wajen 24,000. Guguwar intanet ta sake ɗaga su zuwa kusan 60,000 a 2004, suka sake faɗowa ƙasa da 40,000 a 2009, sannan suka tashi har suka haura 100,000 a 'yan shekarun nan. Farfesa Eric Roberts na Jami'ar Stanford, wanda ya ga abin da idonsa, ya daɗe yana cewa faɗuwar farko ba daga ɗalibai ta fito ba, jami'o'i ne suka rasa malamai, sai suka tsaurara sharuɗɗan shiga, suka mai da darussan farko matattarar kora. Yara suka fahimci ba a maraba da su, suka juya. Waɗanda suka fara juyawa kuwa su ne waɗanda dama ba su da tabbacin wurin nasu ne. A 1984 mata ne kashi 37 cikin 100 na masu wannan digiri a Amurka. Zuwa wajen 2010 sun koma kashi 18, kuma har yau ba su dawo inda suke ba.

A nan wurinmu wa za a fara zubarwa idan kowane sashe ya ɗaga makinsa sama? Ɗan makarantar kuɗi da ya taso da laftof a ɗakinsa zai tsallake. Wanda zai faɗi shi ne yaron makarantar gwamnati ta karkara, wanda tun da JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya a 2015, irinsa da yawa ranar jarrabawar ce ranar farko da suka riƙe linzamin kwamfuta. Rabon gurabe na jami'o'in tarayya, kashi 45 na cancanta, 35 na yankin da jami'a take, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko, yana ɗan rage raɗaɗin, amma ba ya koya wa kowa komai bayan ya shiga. Rufe ƙofa zalunci ne ga wannan yaro. Buɗe ta wangale ba malami kuma yaudara ce, a ci masa shekara 4 da kuɗin ubansa a miƙa masa takarda.

Hanyar da na fi gamsuwa da ita, mu Hausawa bai kamata ta zame mana baƙuwa ba. Malamin allo mai almajiri 200 bai taɓa cewa shi kaɗai zai biya wa kowa ba. Gardi na biya wa titibiri, titibiri na kama wa kolo baƙi, malam na sauraron gardawa yana kuma zagayawa da ido. Abin da Stanford ke yi ke nan tun shekarun 1980. Ana zaɓar ɗaliban manyan azuzuwa da suka iya, a horar da su yadda ake koyarwa, a ba kowanne rukunin 'yan ajin farko wajen mutum 10, yana zama da su duk mako, yana duba aikinsu layi-layi, kuma ana biyansa. A Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley darasin farko na kwamfuta yakan haura mutum 1,000 a zango guda, da irin wannan runduna ta ɗalibai ake riƙe shi, tare da na'urar da ke gwada aikin gida. Ɗalibi ya tura abin da ya rubuta, cikin daƙiƙoƙi ta ce masa ya ci gwaji kaza ya faɗi kaza, ya koma ya gyara ya sake turawa, ko da ƙarfe biyun dare ne.

Mu dawo ajinmu mai mutum 300. A zaɓo 'yan aji uku da aji huɗu mutum 15, maza da mata, kowanne ya riƙe 20. Awa 50 ɗin nan ta koma awa 3 da 'yan mintuna a kan kowane mutum ɗaya. Ladansu ba sai ya zama albashi ba. A yafe musu wani kaso na kuɗin rajista, a ba su ɗaki a hostal, a rubuta musu takardar shaida. Na san abin da wasunku ke cewa a zuci yanzu, za a sayar da maki, za a fifita abokai, za a takura wa 'yan mata. Tsoron yana kan hanya. Shi ya sa makin ƙarshe ba zai kasance a hannunsu ba, na'ura ta gwada, malami ya yanke, su aikinsu nuna hanya. Ita kuwa na'urar gwajin, manhajojinta na kyauta suna nan birjik, kwamfuta ɗaya mai ƙarfi da waya a cikin ɗaki sun isa, ko intanet ba dole ba ne. Akwai kuma riba ta biyu da ba a cika lura da ita ba. A cikin waɗannan 15 ne za a gane wanda koyarwa ke masa daɗi, kuma daga nan malaman shekara 10 masu zuwa za su fito, in an riƙe su da wuri.

Na manyan darussa kuwa, inda ƙwararrun ƙalilan ne a ƙasar baki ɗaya, a daina ɓoye-ɓoye a yi rabon a fili. Indiya tun 2003 take naɗar lakcocin malaman manyan cibiyoyinta na IIT a ƙarƙashin shirin NPTEL, ƙananan kwalejoji na amfani da su, a 2020 kuma IIT Madras ta buɗe digiri sukutum ta intanet. Me zai hana farfesan tsaron intanet guda ya koyar da jami'o'i 5 a lokaci ɗaya daga inda yake, da yardar NUC, a biya shi a kan haka, kowace jami'a da ƙaramin malami a ɗaki yana kula da aikin hannu? Ya fi masa bin hanyar Gusau ko Dutsin-ma da asuba, ya fi wa ɗalibai lakcar zango guda da ake durawa cikin kwana uku. Su ƙananan malaman ma ba dole sai sun bar ƙasa za su ƙaro karatu ba. Georgia Tech ta Amurka tun 2014 take ba da digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta ta intanet, wanda ta fara a kan wajen dala 7,000 gaba ɗaya. Da kuɗin tura mutum ɗaya Ingila, mutum nawa za a biya wa wannan, suna nan suna shiga aji? 'Ya'yanmu da ke waje da waɗanda ke aiki a kamfanoni su ma ba rowar iliminsu suke ba. Dubi matasan HausaNLP da na Arewa Data Science Academy, masu koyar da ƙannensu kyauta ta intanet. Jami'a ce ba ta tanadi ƙofar da mai shekara 10 yana rubuta manhaja amma ba shi da digiri na uku zai shigo ya riƙe darasi guda ba.

Wuta ba sai na daɗe a kanta ba, kowa na ɗanɗanawa. Tun da aka ɗaga kuɗin lantarki na rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, jami'o'i ke kuka da bil. Jami'ar Bayero ta sami tashar sola mai megawat 7.1 a 2019, amma ba kowace ce ta yi wannan sa'a ba. Sashen kwamfuta ba megawat yake buƙata ba. Ɗaki ɗaya mai sola da batir, a buɗe dare da rana, da mai gadi da ɓangaren mata, ya fi sabuwar ƙofar shiga jami'a mai ado amfani nesa ba kusa ba. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024 yana biyan kuɗin makaranta da naira 20,000 na ɗawainiya a wata, kuma ba ruwa a bashin. Me ya hana a ƙara laftof a ciki ga masu wannan karatu, ko da ta hannu ce irin ta kasuwar titin Beirut ko Farm Centre a Kano? Ɗalibin kwamfuta da ba shi da kwamfuta, duk sauran maganar da muke yi ba ta iso gare shi ba.

Sai kuma wata gaskiya da ya kamata a gaya wa iyaye. Da yawa daga masu neman wannan kos ba kimiyyar kwamfuta suke nema ba, hanyar cin abinci da kwamfuta suke nema, kuma biyun ba ɗaya ba ne. Kimiyyar kwamfuta rabinta lissafi ne, kuma ajin farko ne ke fara sanar da yaro haka. Wanda burinsa ƙera shafin intanet ko haɗa na'urorin ofis, kwalejin fasaha na nan, cibiyar koyon fasahar sadarwa ta Kazaure na nan, ga shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta ƙaddamar a 2023 da mutum 30,000 a zubin farko. Wanda kuma ya nemi kwamfuta aka ba shi lissafi ko ƙididdiga, kada ya yi shekara 4 yana fushi. A Jami'ar Ahmadu Bello karatun kwamfuta a cikin sashen lissafi ya girma, cibiyar kwamfutar jami'ar ma sunan Farfesa Iya Abubakar take ɗauke da shi, shi kuwa masanin lissafi ne. Da jami'o'i za su buɗe darasin kodin ɗaya ko biyu ga ɗalibin noma da na tattalin arziki da na harsuna, da cinkoson ƙofar nan ɗaya ya ragu da kansa, domin mutum zai san ba sai ya bar fanninsa zai taɓa abin ba.

Kasuwar ma ba yadda take a 2021 take ba. A Nuwambar 2022 kamfanin Meta ya sallami ma'aikata 11,000, a Janairun 2023 Google ya sallami 12,000. A Nuwambar 2022 ɗin ce kuma ChatGPT ya fito, yanzu ƙananan ayyukan kodin da sabon shiga ke fara cin abinci da su, na'ura na yin su cikin ƙiftawar ido. Wannan ya ƙara wa malami nauyi ta fuska biyu. Aikin gida da ɗalibi ya kawo tsaf ba ya nuna komai yanzu, sai an zaunar da shi an ce, bayyana mini abin da layin nan ke yi. Wanda kuma ya fita da rabin sani, shi na'ura za ta fara maye wa gurbi. Masu zurfin sani kuwa buƙatarsu ƙaruwa take. Ku tuna Mayun 2025, lokacin da shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tsaya gaban 'yan jarida da hawaye ya amsa cewa matsalar na'ura ta lalata sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da Kudu maso Gabas, har sai da aka sake musu jarrabawa. Gyaran manhaja ne da bai hau kan wasu na'urori ba. Albashinmu, asusunmu na banki, katin zaɓenmu, sakamakon 'ya'yanmu, duk a hannun waɗanda muke yayewa daga ɗakunan gwajin nan za su kasance.

Akwai abu guda da NUC da JAMB za su iya yi bana ba tare da sisin kwabo na kasafi ba. Littafin jagorar JAMB yana gaya wa yaro kwasa-kwasan kowace jami'a da darussan da ake buƙata. A ƙara layi uku a gaban kowane sashen kwamfuta: malamai nawa ne na dindindin, ban da na ziyara, ɗalibai nawa ne a dukkan azuzuwa, kwamfuta nawa ce ke tashi. Duk sashen da ya yi ƙarya a rage masa gurabe. Kafin su yi, iyaye, wannan binciken naku ne. Kada ku tsaya ga ofishin da ke raba fom. Ku nemi ɗan aji uku a sashen, ku ja shi gefe ku tambaye shi su nawa ne a ajinsu, jarrabawar kodin a takarda suke yi ko a na'ura, kuma yaushe rabon da wani malami ya buɗe aikinsa ya duba a gabansa. Ku yi wa jami'a biyu ko uku haka kafin yaro ya danna zaɓin farko.